Daga Kazar Rous zuwa Farantin Temin

Duk wanda ya yi aikin renon ƙwayoyin jikin dabba a ɗakin bincike ya san ladabinsu. Idan ka zuba su a faranti sai su shimfiɗu, kuma da zarar sun taɓa juna sai su daina hayayyafa. Bairos mai jawo cutar kansa na shigarsu, ladabin ya gushe: su dunƙule, su hau kan juna, su yi tsibi. A kan wannan tsibi aka gina fagenmu na binciken cutar kansa.

Peyton Rous ne ya share hanya a 1911, a Cibiyar Rockefeller da ke New York. Ya niƙa ƙarin da ya ciro daga jikin wata kaza, ya tace ruwan har babu ƙwayar jiki ko ɗaya a ciki, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, su ma ƙari ya fito musu, alamar cewa bairos ne ke jawo shi. Manyan masana suka ce wannan lamarin kaji ne kawai. Sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, yana da shekara 87.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne rashin ma'auni. A 1958, a Caltech, Howard Temin da Harry Rubin suka zuba bairos ɗin Rous a kan ƙwayoyin ɗan tayin kaza, suka riƙa ƙirga tsibi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kansa ta zama abin lissafi. Temin ya dage cewa bairos ɗin yana kwafar kansa ya cusa cikin DNA na ƙwayar da ya shiga. Ya sha suka shekaru, har 1970, lokacin da shi da Satoshi Mizutani, da kuma David Baltimore a nasa ɓangaren, suka gano sinadarin da ke yin kwafin.

Babban darasin ya zo a 1976. Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu suka nuna cewa src, ƙwayar gadon da bairos ɗin ke haukata ƙwayoyi da ita, asalinta na lafiyayyar kaza ne. Ɗauko ta ya yi, ta lalace a hannunsa. Ashe makaman cutar kansa a cikin jikinmu suke, kuma aikinsu na yau da kullum shi ne tsara girma.

Shi ya sa nake jin zafi idan an raina binciken da ba a ga amfaninsa nan take ba. Magungunan zamani masu auna ƙwayar gado guda su toshe aikinta, daga haƙurin masu ƙirga tsibi suka samo asali.