Yadda ake kwance filtar baƙin mai a gida ba tare da an ɓata inji ba

Filtar baƙin mai ita ce gwangwanin nan da ke maƙale a jikin inji, wanda mai ke bi ta cikinsa ya bar ƙura da ɓurɓushin ƙarfe kafin ya koma ya shafe sassan da ke gogayya. Tana jikin motar gida, tana jikin a-kori-kura, tana jikin tarakta da manyan janaretoci masu shan dizal. Duk lokacin da aka yi juye ya kamata a sauya ta, domin zuba sabon mai a kan tsohuwar filta tamkar wanka ne a mayar da riga mai datti. Manomin da ke nesa da gari zai iya wannan aiki da kansa a ƙofar gida. Wurin da ake shan wuya shi ne kwance tsohuwar, kuma mafi yawan lokaci dalilin ɗaya ne: wanda ya ɗaura ta a baya ya matse ta da ƙarfe, alhali da hannu ake ɗaurawa.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara riƙe sabuwar filta a hannu, ka tabbatar ita ce ta injinka. Ka duba lambar da ke jikin tsohuwar, ko ka ɗauki hotonta da waya ka je da shi shago. Kamannin waje ba ya isa. Zaren da ake murɗa filta a kai iri-iri ne: galibin motocin Toyota masu filtar gwangwani zarensu 3/4-16 ne na inci, na Honda kuma M20 x 1.5 ne na milimita. Girmansu ya yi kusa ƙwarai, har ta Honda takan hau zaren Toyota kamar ta zauna, sai inji ya ɗauki zafi ta saki mai. Na taɓa tarar da wani mai noman rani da ya huda tsohuwar filtarsa da sukundireba da safe, sannan ya gano wadda ya sayo ba ta shiga. Kwana biyu motar na tsaye, kwandunan tumatir na jiran ta a bakin fadama.

Abu na biyu, ka tabbata filtar da kake shirin kwancewa ta baƙin mai ce. A jikin tarakta irin Massey Ferguson akwai filtar dizal, akwai ta baƙin mai, wasu kuma har da ta man haidirolik. Idan ka kwance ta dizal bisa kuskure iska za ta shiga layin mai, injin ba zai tashi ba sai an fitar da ita. Ita ta baƙin mai a jikin gangar injin take, sau da yawa daga ƙasa-ƙasa, ta dizal kuwa za ka ga siraran bututu sun shiga kanta sun fita zuwa famfon mai.

Ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur, irin Honda GX160 da 'yan uwansa, ba su da filtar baƙin mai sam, kada ka ɓata lokaci kana nema. Mai kawai ake sauya musu, kusan lita 0.6, bayan awa 20 na farko in sabo ne, daga nan duk awa 100.

Ka kunna injin na minti biyar domin mai ya yi ruwa-ruwa, ka kashe, ka jira minti goma. Inji mai ɗumi ya fi sakin filta, amma mai zafi yana sale fata, bututun hayaƙi kuma kan kasance dab da wurin da hannunka zai shiga. Idan sai an ɗaga mota, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayoyin baya da dutse ko gungume. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A ƙasar yashi irin tamu jak nutsewa yake yi a hankali, sai an shimfiɗa masa katako mai kauri, a kuma tallafe motar da gungumen itace mai faɗi. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana farfashewa lokaci ɗaya ba gargaɗi. Hilux da tarakta dai tsayinsu kan isa a yi aikin ba a ɗaga su ba.

Sai ka kwance notin ƙasan inji mai ya tsiyaye cikin tsohon kwano, sannan ka matsar da kwanon ƙarƙashin filta, domin ita ma cike take.

Daga hannu zuwa ƙarfe

Filta zuwa hagu ake kwance ta, wato saɓanin tafiyar hannun agogo idan kana fuskantar gindinta. Wanda ke kwance a ƙasa yana kallon sama, ko ya miƙo hannu ta bayan inji, shi ne ke rikicewa ya riƙa ƙara mata ɗauri yana zaton kwancewa yake. Ka tsaya ka lura da wannan kafin ka sa ƙarfi.

Ka goge jikinta tas da tsumma, ka gwada da hannu biyu. Filtar da aka ɗaura daidai takan saki haka nan. In hannu na zamewa, ka naɗa mata samfefa, ɓangaren kaushin na jikin gwangwanin, ko yankin robar tsohon tub na babur. Wannan kaɗai kan raba gardama sau da yawa.

In ta ƙi, sai sufanar filta. Akwai mai bel, wadda ke zagaye gwangwanin tana ƙara matsewa yayin da kake ja. Ita na fi so wa manomi, domin guda ɗaya za ta yi maka mota, ta yi tarakta, ta yi janareta, kuma ba ta lotsa filta. Akwai mai sarƙa, wadda ta fi ta cizo, ta dace da manyan filtocin tarakta inda akwai sarari, sai dai tana lotsa gwangwani, in aka matsa ma ta huda shi. Akwai mai kama da kofi da ake kifawa a gindin filta a juya da hannun soket; tana shiga lungun da sauran ba sa shiga, amma kowace filta da girman nata, na Toyota da yawa milimita 64 ne mai tsagi 14. Sai mai yatsu uku, da babbar filaya mai faɗin baki.

Ko wacce ka samu, ka kama filtar kusa da jikin inji, inda aka naɗe bakin gwangwanin da farantin ƙarfe. Nan ne ƙarfinta yake. Tsakiyarta fallen ƙarfe ne marar kauri, da ka matsa sai ya lanƙwashe. Ka ja a hankali da nauyin jiki, ban da fizga. Da zarar ta motsa, ka ajiye ƙarfen ka ƙarasa da hannu, bakinta na kallon sama kada mai ya kwararo maka a hannun riga.

Wanda ba shi da sufana ba sai ya tafi birni ba. Tsohon fambel ko bel ɗin wando na fata zai yi: ka zagaya shi, ka kama bakin biyu da filaya dab da gwangwanin, ka murɗa ta yadda jan zai ƙara matse shi. Igiya mai ƙwari ma haka, a naɗa ta sau uku ko huɗu, a zura guntun ƙarfe a murɗe ta tam, sannan a ja. Mafi kyau duka, ka kai wa mai walda tsohuwar sarƙar babur da guntun rodi ko fayif mai tsawon kamu biyu, ya haɗa maka sufanar sarƙa. Kuɗin kaɗan ne, kuma za ta yi shekaru ana aro a unguwa.

Huda filta da sukundireba

Wannan ita ce dabarar da kowa ya sani, kuma ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Ana buga doguwar sukundireba ta ratsa gwangwanin ta fita ɗaya gefen, a yi amfani da ita kamar mariƙi. Wani lokaci tana yi. Wani lokaci kuma, musamman in filtar ta kafe sosai, ƙarfen yagewa yake yi kamar gwangwanin madara, a bar ka da faranti manne a jikin inji da baki mai kaifi kamar reza. Daga lokacin da ka huda ta, motar ba ta sake tashi sai aikin ya ƙare, don haka ba a yin wannan da yamma, ba a yi kuma in sabuwar ba ta hannu.

In dole ta sa, ka huda wajen tsakiyar tsawonta, kada ka matsa kusa da inji, domin bututun zaren yana nan a ciki, in ka dake shi ka jawo aikin da ya fi ƙarfin gida. In ta yage, ka cire ragowar gwangwanin da filaya, ka sa kurfi ko ƙarfe marar kaifi a gefen farantin ko a ɗaya daga ramukansa, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan da guduma zuwa hagu. Ka kiyaye fuskar injin da roba ke zama a kai. Ƙarzanta ɗaya ya isa ya sa yoyon da sabuwar filta ba za ta tsayar ba.

Wasu motocin, kamar Corolla da yawa daga 2009 zuwa sama, ba gwangwani ne da su ba. Murfi ne ake kwancewa, a zare takardar tacewa daga ciki a sa sabuwa tare da sabon zoben roba. Murfin nan sau da yawa na roba ne mai tauri, ba ya son sarƙa, ba ya son filaya, sukundireba kuwa kada ma a ambace ta. Kofinsa na daidai kawai ake sa masa. In ya tsage, sai an sayo wani.

Ɗaura sabuwa

Da ka cire tsohuwar, ka duba bakinta ka ga ko zoben robarta ya fito tare da ita. Yakan manne a jikin inji, mutum bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu a haɗe ba sa riƙe mai. Ana cikin tafiya ɗaya za ta fita, man ya zube cikin 'yan mintoci, inji ya buga. Wannan kuskuren ya fi duk wanda aka ambata a sama tsada.

Ka goge wurin da tsumma mai tsabta, ka lakaci sabon mai da yatsa ka shafa wa robar sabuwar filta. Robar da aka ɗaura a bushe ita ce ke kafewa. In filtar a tsaye take bakinta na kallon sama, kamar ta taraktoci da yawa, ka zuba mata mai mai tsabta kafin ka ɗaura, don kada inji ya yi gudu a bushe lokacin tashi. Ka murɗa da hannu har roba ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikin filtar. Shi ke nan fa. Sufana ba ta da aiki a nan.

Ka mayar da notin ƙasa, ka zuba mai daidai awo, ka kunna. Fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi; in ba ta mutu ba ka kashe nan take. Ka leƙa ko akwai ɗiga, ka kashe injin, bayan minti biyar ka sake duba gejin mai ka cike abin da filta ta sha. Ka rubuta kwanan wata da kilomita, ko awannin tarakta, a jikin filtar da maka. A hanyoyinmu masu ƙura, balle lokacin hunturu, kilomita 5,000 ya isa wa mota, taraktoci da yawa kuma awa 250 littafinsu ya ce.

Tsohon man kuma ka juye shi a jarka mai murfi, ka kifa tsohuwar filta ta tsane a ciki. Kada a zubar a gona, ko kwata, ko kusa da rijiya. Kada kuma a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko gyambo kamar yadda wasu ke yi, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da gubar ƙonewa, dabbar kuma lasa take yi. Jarkar da ta taɓa ɗaukarsa ba ta sake ɗaukar ruwan sha ko man gyaɗa, ko an wanke ta da omo. Masu gareji a gari suna karɓar tsohon mai, sai ka tafi musu da shi ranar kasuwa.