Ɗigo ɗaya, suna biyu: yadda aka raba hazon tauraro da taurarin cuɗe-ni-in-cuɗe-ka

Mai karatu, a ce an nuna maka ɗigon haske a madubin hangen nesa, an ce ka faɗi ko mene ne. Da me za ka kama? Tambayar nan ta daɗe tana ba masana taurari ciwon kai.

A shekarun 1780 William Herschel ya hango wasu dunƙulen hazo, ya kira su "nebula mai kamar duniya". Sunan ya bi su, amma fa ba duniyoyi ba ne. Iska ce da tauraro mai mutuwa ya fesar, cibiyarsa mai zafi tana haska ta. A 1864 William Huggins ya tsaga hasken ɗaya daga cikinsu kamar bakan gizo, ya ga 'yan layuka masu ƙyalli, shaidar iska mai zafi.

To, matsalar ita ce wanda ya yi nisa ko ƙanƙanta, ɗigo kawai za ka gani. Dole aka dogara da layukan nan. Kundin Perek da Kohoutek na 1967 ya tara fiye da 1,000, kuma baƙi sun kutsa ciki.

Su wa ke nan? Tun 1932 Paul Merrill da Milton Humason suka lura da taurari irin CI Cygni, masu alamar tauraro mai sanyi haɗe da layin heliyom mai buƙatar tsananin zafi. Ashe biyu ne: jan ƙato yana zubar da iska, farin wada yana lasa yana haska sauran. Merrill ne ya raɗa musu sunan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Idan ƙura ta rufe ƙaton, sai su zama sak nebula. Haka He 2-104 ya shiga jerin Karl Henize.

Hasken infared, mai ratsa ƙura, shi ya tona asiri. A 1975 Louise Webster da David Allen suka kasa su gida biyu: waɗanda ƙaton ke bayyane, da waɗanda ƙura ta lulluɓe. A 1989 Hans Martin Schmid ya gano asalin wasu faffaɗan layuka biyu: hasken oksijin ne da haidurojin ta karkatar, alamar da kusan su kaɗai ke da ita.

Kada ka ɗauka gardamar suna ce kawai. Nebula bankwana ce, cikin 'yan gomman dubban shekaru ta watse. Su kuwa waɗannan suna iya fashewa su sake, kamar yadda RS Ophiuchi ya yi a 2006 da 2021. In ka sa su kwando ɗaya, lissafin mutuwar taurari ya karkace.