Dajin da Hannu Ya Dasa: Itatuwan Majiya da na Keita

Baƙin da suka zo taya murnar cikar wannan sarauta shekara 100 za su ga dawaki da lifidi, za su ji tambari da algaita a ƙofar fada. Wanda ya samu sararin yini guda bayan an watse, ya dace ya kama hanyar da ta tashi daga Madawa ta yi arewa zuwa Buza, ya gangara ƙwarin Majiya da sanyin safiya, ya bar mota ya taka da ƙafa. Zai tarar da layukan dogon yaro, biyu-biyu, sun ratsa gonakin hatsi daga wannan gefe na ƙwarin zuwa wancan. Yaran da aka haifa a inuwarsu suna ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali kuwa sarautar da ake yi wa biki ta girmi kowane icce da ke cikin layukan nan da shekara hamsin ko fiye.

Dattawan Adar suna ba da labarin lokacin da kafaɗun duwatsu ke rufe da geza da sabara da ɗakwara, fadamu kuma cike da bagaruwa da gawo, har makiyayi ba ya yarda yamma ta yi masa a daji saboda kura. Suna ambaton barewa da gada da gadu kamar yadda ake ambaton tsofaffin maƙwabta da suka yi ƙaura. A zamanin Nasara aka fara sa wa daji doka a takarda. Dokar ranar 4 ga Yuli 1935 ta ba hukuma iko da dazuzzukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kuma a ƙarƙashinta ne daga baya aka keɓe wasu wurare, irin su dajin Karofan da na Bangi a ƙwarin Tarka. An hana saran wasu itatuwa, gawo na cikinsu, ko da a gonar mutum suka fito. Illar wannan ta daɗe: manomi ya koyi kallon icce a matsayin kayan gwamnati mai jawo tara, don haka in ya ga ɗan tsiro a gonarsa sai ya cire shi tun ma'aikacin gandun daji bai gani ba.

Jama'a ta ƙaru, gonaki suka hau tudu, gatari bai huta ba. Da farin 1973 ya zo, sai ya tarar da ƙasa tsirara. A Majiya iska ce ta fi cutar da mutane. Da farkon damina takan taso gaban hadari, ta kwashe ƙasar sama, ta binne hatsin da ya fara tsira, sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku kafin iri ya kama.

A 1974 shugaban ma'aikatar gandun daji ta Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai na Amurka da ke aiki da shi, suka kai wa ƙungiyar CARE shawarar a tare iskar da katangar itatuwa. A 1975 aka fara dashe a wajen Garadume. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Seyni Kunce ta mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen icce a ƙasa baki ɗaya. Tsarin ba shi da wuyar ganewa: layi biyu na dogon yaro kusa da juna, mita 4 tsakanin icce da icce, sannan a bar kimanin mita 100 na gona kafin katanga ta gaba, kuma layukan su gitta hanyar iskar gabas. Dogon yaro baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya. An zaɓe shi don saurin girma da jure ƙishi, da kuma ɗacin ganyensa da ke rage wa awaki kwaɗayi. Daga baya aka riƙa haɗa shi da bagaruwa domin toshe ƙasan katangar. Mutanen garuruwa suka haƙa ramuka, suka dasa, aka ɗauki masu gadi da albashi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya haura kilomita 400, kuma awon da masana suka yi ya nuna hatsin da ke bayan katanga ya fi na fili yawa da kashi 15 zuwa sama da 20 cikin 100.

Littafin biki ba wurin ɓoye gaskiya ba ne. Aikin ya ci wasu. An hana dabbobi shiga ƙwarin har sai itatuwa sun yi ƙarfi, kuma Fulani da Buzaye da suka saba sauka kan karan gonaki bayan girbi su ne suka ɗauki nauyin hanin, tare da matan gari masu kiwon awaki. Wanda layi ya bi ta gonarsa ya rasa kunya da dama ga inuwa da saiwa, maƙwabcinsa kuwa ya ci moriyar katangar bai rasa taƙi ɗaya ba. Da aka fara sassabe rassa a 1984 don samun azara da itacen girki, sai tambayar da aka daɗe ana kauce mata ta fito fili: iccen nan na wane ne? Na gwamnati, ko na garin da ya dasa, ko na mai gona? An kafa ƙungiyoyin manoma domin sayarwa da rabo, amma ƙananan rigingimu na iyaka da ɓarna da saran dare, a zauren maigari da fadar sarki aka kashe yawancinsu. Wannan wani aiki ne na sarautun gargajiya da rahotannin masu ba da agaji ba su cika ƙirgawa ba.

Daga Buza hanya ta miƙe arewa maso yamma zuwa Keita, inda ciwon ya sha bamban. Can ruwa ne ɓarawon: yana sauka kan faƙo da duwatsu, ya taru, ya yanka ƙorama, ya tafi da gona. A 1984, shekarar yunwar da talakawa suka sa wa suna El Buhari, kuma shekarar babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar PAM tana biyan ma'aikata da abinci. Magidanta da yawa sun tafi bida Najeriya da Kodibuwa, saboda haka mata ne suka fi yawa a filin aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera gandari, suka fasa kafaɗun tsauni da diga suka haƙa ramuka masu tsawon kusan mita 3 domin ruwa ya tsaya ya sha ƙasa, aka dasa ƙaya a kowane rami. Zuwa farkon shekarun 2000 an lissafa itatuwa wajen miliyan 18 da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da aka farfaɗo. Duk mai yabon tsanwar tsaunukan Keita da kaka, ya tuna cewa kakannin yaran yau mata ne suka haƙa ta.

Mai yawon ƙafa kada ya zo da tsammanin ganin manyan namun daji. Kura da barewa ba su dawo ba. Abin da zai samu ƙanana ne, kuma sai mai haƙuri. Kurciya da hasbiya suna kuka a cikin dogon yaro tun asuba. Cilakowa na tsalle daga reshe zuwa reshe, kurege ya gitta hanya, zomo ya zabura daga gindin sabara, wani lokaci garken zabin daji ya watse a gefen dutse. A bakin madatsun ruwa na Keita akwai zalɓe da balbela da kirinjijiya. Shamuwa kuwa tana zuwa gaban damina, ta yi sheƙa cikin gari, ba mai taɓa ta. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga kaka zuwa farkon ɗari, kuma ladabi ya ce baƙo ya fara biyawa ta gidan maigari ya gaisa, a haɗa shi da yaron da ya san gonaki.

Zai kuma ga giɓi. Itatuwan farko sun kai shekara 50, wasu sun mutu, wasu an sare su daga gindi ba a mayar da madadinsu ba, kuma iska na ratsa giɓi da ƙarfin da ya fi na fili. Kuɗin CARE da na Italiya da suka biya masu gadi da masu rainon iri sun daɗe da ƙarewa. Doka dai ta sauya: ta gandun daji ta 2004, da dokar gwamnati ta watan Yuli 2020, wadda ta amince cewa iccen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. Layukan Majiya kuwa ba mutum ɗaya ya raine su ba, gari ne ya dasa su a gonakin mutane da yawa, don haka batun wanda zai cike giɓin yana jiran masu gari da sarakuna da magadan garuruwa su zauna a kansa.