Mazaunin Asibiti da Horon Ɗalibin Likita: Kwatanci Tsakanin Zariya da Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta makarantun koyon likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ta fuskar horon asibiti da mazauni. Matsayarta ita ce horo da mazauni ba a raba su, domin inda asibiti yake shi ke tantance irin majinyatan da ɗalibi zai gani da kuma yawansu.

Gabatarwa

Digirin likitanci na MBBS shekara shida ne a Nijeriya, kuma hukumar kula da likitoci ta MDCN ce ke tantance makarantu tare da ƙayyade musu yawan ɗalibai. Don haka manhajar Zariya da ta Kano ba su da wani nisa. Bambancin yana fitowa ne a rabin ƙarshe na karatun, sa'ad da ɗalibi ya koma bakin gadon majinyaci. An ɗora nazarin a kan ma'aunin George Miller na 1990, wanda ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, da aikatawa. Littafi yana kai ɗalibi hawa na biyu. Sauran biyun sai da majinyaci.

Kwatanci

Zariya ce babba a shekaru. An buɗe tsangayarta a 1967, kuma ta daɗe tana koyarwa a asibitocin Kaduna, Tudun Wada da Malumfashi kafin a tattare a Shika a 2005. Shika bayan gari ce, kusa da Samaru, kuma akasarin masu zuwa turo su ake yi daga wasu asibitoci. Wannan na nufin ɗalibi zai ga cututtuka masu wuya da suka riga suka yi nisa, musamman ciwon daji, tunda akwai cibiyar gashinsa a can. Ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye, ga ta Yakawada ta lafiyar karkara.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa an kafa shi a 1988, kuma ya fara dashen ƙoda a 2002. Ƙarfinsa yana cikin garin da ya kewaye shi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, kuma ga Asibitin Murtala da na Ƙashi na Dala a cikin birni ɗaya. Ɗalibin da ya kwana a ɗakin haihuwa a irin wannan gari zai ga jijjiga, zubar jini bayan haihuwa da doguwar naƙuda har idonsa ya saba, hannunsa ya daina rawa wajen sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar macen da jininta ya faɗi. Wannan sabo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda, bayan shekarar gwajin aiki, za a iya tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma inda babu likita sai shi.

Tattaunawa

Sai dai yawan majinyata kaɗai ba horo ba ne. A ko'ina, idan ɗalibai suka yi cincirindo a zagayen safe, na gaba ne ke ɗora abin sauraro a ƙirjin yaro mai ciwon huhu, na baya sai dai ya rubuta abin da ya jiyo. A ganina, ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne ɗalibai nawa ke kan gado ɗaya, da kuma ko babban likita yana tsayawa ya ji ɗalibi ya gabatar da majinyaci da bakinsa. Ɗaliban aji biyar da shida su ne suka fi kowa sanin amsar, su ya kamata a tambaya.

Akwai kuma harshe, wanda masu zaɓen makaranta kan manta. A garuruwan biyu da Hausa ake ɗaukar tarihin ciwo, kuma ɗalibin da ba ya jin ta zai dogara da tafinta a daidai inda ake so ya koyi sauraro. Nisan masauki da asibiti shi ma na cikin lissafi, domin wanda ba ya kwana kusa yakan rasa tiyatar gaggawa ta tsakar dare.

Mai sha'awar ilimin ciwon daji da zaman karatu nesa da hayaniya, Zariya ta fi dacewa da shi. Wanda kuwa ke son ya goge a aikin gaggawa na babban birni, hujjar Kano ta fi ƙarfi a wajensa.