Duwatsu, Taurari da Samudawa: Auna Hasashen Falaki kan Tsofaffin Gine-gine daga Kwarin Komadugu

Tsakure

Maƙalar ta duba fassarori biyu da ake yi wa tsofaffin gine-ginen dutse waɗanda maginansu ba su bar rubutu ba. Ta farko ita ce ta falaki, mai cewa an jera duwatsun ne don bin rana, wata ko taurari. Ta biyu ita ce ta almara, mai danganta su ga ƙatti ko wata ɓatacciyar al'umma. An ɗauki jihar Diffa a matsayin ma'auni, domin kwarin Komadugu ba shi da dutse amma yana da almarar Sau, Saharar da ke arewa da shi kuwa cike take da kaburburan dutse masu fuskantar gabas. Ta hanyar lissafin mafitar rana da alƙiblar garin Diffa, an nuna cewa dacewar gini da wani abu na sama ba ta isa hujja kan niyyar magini ba.

Gabatarwa

A 2017 Martin Sweatman da Dimitrios Tsikritsis na Jami'ar Edinburgh suka wallafa cewa dabbobin da aka sassaƙa a jikin ginshiƙi na 43 na Göbekli Tepe, a kudu maso gabashin Turkiyya, taurari ne, kuma wai tunawa ce da wata tauraruwa mai wutsiya da ta faɗo duniya wajen shekara ta 10,950 kafin Miladiyya. Jaridu suka ɗauka ko'ina. Masu tonon wurin, ƴan Cibiyar Binciken Kufai ta Jamus da ta fara aiki can a 1995 ƙarƙashin Klaus Schmidt, suka mayar da martani a shekarar: ginin da ginshiƙin yake ciki ya zo bayan waccan shekara da ƙarnuka masu yawa, an zaɓi ƴan hotuna an bar ɗimbin saura, kuma babu dalilin ɗauka cewa mutanen wancan zamani sun raba sama gida-gida kamar yadda Babilawa da Girkawa suka raba ta daga baya. Martanin bai yi rabin tafiyar da hasashen ya yi ba.

Ba yau aka fara ba. Gerald Hawkins ya ce Stonehenge na Ingila na'urar lissafin husufi ce a 1965, Richard Atkinson ya warware masa a 1966. Kafin su, a Babban Zimbabwe, Karl Mauch ya ce fadar Sarauniya Bilkisu ce a 1871, R. M. W. Swan kuma ya auna bangaye a 1891 ya ce wurin bautar rana ne na baƙi daga gabas, sai da David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tabbatar da cewa ginin ƴan ƙasa ne. A nan taurari da almara suka haɗu suka yi aiki guda: raba Baƙar fata da abin da kakanninsa suka gina. Shi ya sa batun ya shafi mai nazarin tarihin Nijar, ko da ba ruwansa da Turkiyya.

Ƙasar da ba dutse

Wanda ya taso daga N'Guelbély, a sashen Maine-Soroa, ya nufi kudu zuwa Diffa da bakin Komadugu, abin da zai taka shi ne rairayin Manga, da kwarurrukan kanwa da dabino, sannan laka ta bakin kogi. Ba fa, ba tsauni. Graham Connah, wanda ya tona tudun Daima a kudancin Tafkin Chadi a 1965 da 1966, ya nuna cewa mazauna wannan kwari sun yi zamanin dutse ba tare da dutse ba: gatari da dutsen niƙa daga nesa ake kawo su, daga wurare irin su tsaunukan Mandara, sauran kayan aiki kuwa da ƙashi ake yi. Duk da haka wurin ba kango ba ne. Kwalekwalen Dufuna, da aka gano a 1987 kusa da Komadugu Gana, ya kai kimanin shekara 8,000. Garin Zilum yana da ganuwa da gwalalo tun tsakiyar dubun farko kafin Miladiyya. Daga baya aka yi Birnin Gazargamu na Mai Ali Gaji a ƙarshen ƙarni na 15, da kufan jan bulo na Garumele kusa da Ngigmi.

Babu wanda ya taɓa cewa waɗannan wurare ɗakunan duban taurari ne. Dalilin ba wai mutanensu ba sa kallon sama ba ne. Laka ce ba ta barin tsinin da za a ɗora ma'auni a kai. Amma ɗaya fassarar, ta almara, ta samu gindin zama. Duk wani tsohon tudu, ko ƙatuwar randa da ruwa ya tono, ana cewa na Sau ne: ƙattin da ake ba da labarin ɗayansu yana saɓa giwa a kafaɗa ya kai gida. A hikayar Barebari, da dabara aka ci su: sun yi sha'awar jan lalle a hannun baƙi, aka ɗaure musu hannuwa da sunan ƙunshi, aka far musu. Bahaushe na da irin wannan maɓoya, inda yakan ce aikin Samudawa ne idan ya ga abin da ya fi ƙarfin mutanen yau.

Abin da ya sa Sau suka zama darasi shi ne muna da shaidar wanda ya gan su. Ahmad ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, ya rubuta a 1576 yadda aka yaƙi Sau-Gafata a bakin Komadugu, wajen Damasak: aka kafa sansani kusa da su, aka sare itatuwan da suke fakewa, aka lalata amfanin gona har suka gaza. Manoma ne masu garuruwa, ba ƙatti ba. Cikin ƙarni uku da rabi almara ta ƙara musu tsawo har Marcel Griaule ya tattara labaransu a littafi a 1943, Ronald Cohen kuma ya yi gargaɗi a 1962 cewa sunan ya zama rumbun da ake zuba kowace al'ummar da ta riga Barebari. Idan ƙarni uku da rabi sun yi wa gaskiya haka, me za a ce game da mai son karanta tatsuniyar mutanen da suka shuɗe shekara 11,000 daga hoton ungulu da kunama na Göbekli Tepe?

Kaburburan arewa

Dutse yana farawa ne idan an haura arewa. A tsaunin Termit, Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset sun wallafa rahoton bincikensu a 1974. Can gaba, a Abzin da Tenere da Jado, akwai dubban gine-ginen busasshen dutse: tsibi zalla, mai siffar jinjirin wata, mai hannuwa biyu a buɗe, da wanda Faransawa suka laƙaba wa sunan kafar makulli, wato tsibi a tsakiya, da'ira kewaye da shi, da lungu mai fita waje. Buzaye na kiran irin waɗannan idebnan, suna danganta su ga ƙattin da, kuma Henri Duveyrier ya ruwaito a 1864 cewa mata kan kwanta a kansu don su ga labarin mazajensu matafiya a mafarki. Hirudotus ya faɗi kwatankwacin haka game da Nasamonawan Libiya tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya.

François Paris ya tona da dama daga cikinsu, ya wallafa sakamakon a 1996. Abin da ya samu a ciki gawa ce, wato kaburbura ne, ba ɗakunan bauta ba. Da yake zafin Sahara na cinye sinadarin ƙashin da aka saba gwadawa, shi da Jean-François Saliège suka auna kabon-14 daga ma'adinin ƙashin, suka nuna cewa masu kafar makulli na Emi Lulu sun faro tun dubu ta huɗu kafin Miladiyya, kafin dalar Giza.

A nan ne maganar falaki take da ƙafa. J.-P. Savary ya auna masu kafar makulli na Fadnun a Tasilin Aljeriya a 1966, Yves Gauthier kuma ya faɗaɗa aikin da hotunan tauraron ɗan Adam a 2009. Lungunan ba barkatai suke ba: kusan dukkansu gabas suke kallo, cikin tazarar da rana ko wata ke fitowa. Ƙarfin wannan hujja daga yawa yake. Gini ɗaya na iya dacewa da komai, amma gine-gine masu yawa, a wurare masu nisa da juna, ba sa haɗa baki bisa kuskure. Sai dai iyakar abin da ta tabbatar shi ne maginan sun damu da gabas. Rana ce ko wata? Mafitar wata ta fi ta rana faɗi da kimanin digiri 5 a kowane gefe, kuma tana buɗewa tana tsukewa cikin shekara 18.6. Bangon da aka jera da hannu, iska da rairayi suka yi shekara 5,000 suna dukansa, da wuya ya raba wannan gardama.

Gwajin alƙibla

Diffa tana kan kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Idan aka ƙirga daga arewa, rana na fitowa a digiri 66 ranar 21 ga Yuni, ta gangara har digiri 114 ranar 21 ga Disamba, tazarar digiri 48. Makka tana kan digiri 21.4 arewa da 39.8 gabas, lissafi kuma na ba da alƙiblar Diffa a kusan digiri 69.

A ƙaddara wani mai bincike ya zo bayan shekara 5,000, ba littafi, ba mai ba shi labari, sai harsashin masallatai daga Maine-Soroa zuwa Bosso. Zai auna ya ga duk sun karkata arewa maso gabas, digiri uku kacal daga matuƙar mafitar rana ta Yuni, abin da bai wuce kuskuren magini ba. Idan ya matsa lissafi zai ga rana na fitowa daidai kan digiri 69 a ƙarshen Mayu da kuma wajen 20 ga Yuli, wato gab da faɗuwar damina da tsakiyarta. Zai rubuta cewa mutanen Komadugu masu bautar rana ne, suna gina ɗakunan ibada don sanin lokacin shuka. Ma'auninsa daidai, samfurinsa mai yawa, bayaninsa ya dace da rayuwar manomi da makiyayi. Kuma duk ƙarya ne, domin masu ginin wani gari suke nufa, ba wani abu a sama ba.

Wannan gwaji ya fi na Göbekli Tepe tsanani, don ya ci har hujjar yawa da muka yaba a sama. Gabas ɗin kaburburan Tenere na iya zama rana, na iya zama ƙasar da kakanni suka fito, ko inda hadari ke tasowa, tunda a Sahel daga gabas guguwar damina take zuwa.

Yawan layuka da gusawar taurari

Matsala ta biyu ta ƙidaya ce. A Namoratunga, kusa da Kalokol a yammacin Tafkin Turkana na Kenya, Mark Lynch da Lawrence Robbins sun sanar a 1978 cewa ginshiƙai 19 suna nuna mafitar taurarin kalandar al'ummar Borana kamar yadda suke a shekara ta 300 kafin Miladiyya. Duwatsu 19 suna ba da layi 171 tsakanin kowane biyu, kowane layi kuma fuska biyu gare shi, wato fuska 342 cikin da'ira mai digiri 360. Wanda ya nemi tauraro a nan ba zai rasa ba. Jifa ne cikin garke. Robert Soper ya nuna a 1982 cewa ma'aunin farko ma da gyara, domin baƙin dutsen wurin na karkatar da allurar kamfas. Daga baya aikin Elisabeth Hildebrand da Katherine Grillo ya mayar da shekarun wurin sama da 4,000. Da yake taurari na gusawa kimanin digiri ɗaya duk shekara 72, saman da aka daidaita duwatsun da shi ba shi ne wanda maginan suka gani ba.

Nabta Playa, a kudancin Masar, ta fi kusa da mu, don makiyayan shanu ne irin na Tenere a lokacin da Sahara ke da tafkuna. J. McKim Malville da Fred Wendorf da abokansu sun nuna a 1998 cewa wata ƙaramar da'irar dutse mai faɗin kusan mita 4 tana da ƙofofi masu duban arewa da kudu da kuma mafitar rana ta Yuni, lokacin da ruwa ke sauka. Magana ce mai iyaka, mai yiwuwa. A 2002 Thomas Brophy ya ɗora a kai cewa duwatsun Nabta na ɗauke da nisan taurari daga duniya, ilimin da ba a samu ba sai da tabarau na zamani. Irin wannan tsalle ne Robert Temple ya yi da Dogon na Mali a 1976, inda ya mayar da rahoton Griaule kan tauraron Shi'ira shaidar zuwan baƙi daga sama, alhali Walter van Beek, da ya daɗe yana bincike a cikinsu, ya bayyana a 1991 cewa bai tarar da wannan ilimi a wurinsu ba.

Abin da ya rage a yi

Ilimin taurari na gaske a yankin yana bakin mutane. Manomi Bahaushe na lura da Kaza da ƴaƴanta, Buzu na kiran su ƴan matan dare, malaman zaure na ƙirga manzilolin wata 28 don tsara shuka, Fulanin N'Guelbély da Tubawan arewa kuma na tafiyar dare da sama. Ba ɗaya daga cikinsu da ya buƙaci jera dutse. A ganina tattara wannan, da harsunan masu shi, ya fi gaggawa bisa neman taswirar sama a kan kabari, kuma aiki ne da ɗaliban Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, za su iya yi tare da masanan cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai.

Game da duwatsun kuwa, tun harin Fabrairun 2015 a kan Diffa da Bosso fita daji da kayan awo ya yi wuya, shi ya sa hotunan tauraron ɗan Adam suka zama abin dogaro. Suna nuna fuskar gini amma ba sa nuna shekarunsa, ba sa kuma nuna tsawon tudun da ke tare mafitar rana, wanda ke gusar da ita. Duk ƙidayar da za a yi a Termit sai ta haɗa kowane gini, wanda ya dace da wanda ya saɓa, a rubuta abin da ake nema a sama kafin a fara awo, a kuma tona kaɗan daga kowane iri don gwajin ƙashi irin na Paris da Saliège.