Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Karatun Lissafi na Haɗin Gwiwa a Berkeley

A cikin darussan da ake koyarwa a jami'a, da wuya a sami wanda ya kai lissafi karya zukatan ɗalibai. A wannan maƙala za mu waiwayi abin da ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a ƙasar Amurka, inda binciken wani malami ya sauya yadda ake kallon faɗuwar ɗalibi a wannan fanni.

A shekarar 1975, Uri Treisman yana karatun digiri na uku, yana kuma taimakawa wajen koyar da kalkulas, wato reshen lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke sauyawa. Wannan darasi shi ne ƙofar shiga aikin injiniya da likita da kimiyya, don haka duk wanda ya faɗi, hanya ta toshe masa. Abin da ya dame shi kuwa shi ne yadda ɗalibai baƙaƙen fata ke yawan faɗuwa, alhali takwarorinsu 'yan asalin ƙasar Sin suna haye wa. Da aka tuntuɓi malamai, sai suka ɗora laifin a kan talauci, da raunin makarantun da ɗaliban suka fito, da rashin himma, da rashin goyon bayan iyaye.

Treisman bai gamsu ba. Ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya riƙa bin su ɗakunansu yana lura da yadda suke karatu. Sai ya tarar baƙaƙen fatan nan masu himma ne ƙwarai, iyayensu kuma a tsaye suke a kansu. Illa dai kusan kowannensu shi kaɗai yake karatu, ya rufe ƙofa, in ya yi kuskure babu mai nuna masa. Su kuwa Sinawan, bayan kowa ya yi nasa ƙoƙarin, sukan taru da yamma su ci abinci tare, su baje ayyukansu, wannan ya gyara wa wancan. Ta haka kowa yake gane ko tambayar ce mai wuya, ko shi ne bai fahimta ba.

Sakamakon wannan bincike, a shekarar 1978 aka kafa wani zaure na musamman na lissafi. Ɗalibai kan haɗu sau biyu a mako, awa biyu-biyu, a ƙananan rukunoni. Hikimar da aka yi ita ce ba a gabatar da shi a matsayin ajin masu rauni ba. Tambayoyi masu tsauri ake ba su, waɗanda suka fi na aji wuya, yadda dole sai an haɗa kai. Malami kuma ba ya faɗin amsa, sai dai ya zagaya yana saurare, yana jefa tambaya. Ba a daɗe ba yawan masu faɗuwa ya ragu matuƙa. Jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin, ciki har da Jami'ar Teksas da ke Austin, inda shi kansa Treisman ya koma daga baya. A shekarar 1992 aka ba shi kyautar MacArthur.

Wannan tarihi ya shafe mu. Sau da yawa mukan ga ɗalibi haziƙi ya ƙunshe kansa a ɗaki, yana jin kunyar a san bai gane ba, har ranar jarrabawa ta tona masa asiri. Mu da muka gaji gayya a gona, bai kamata haɗa kai a kan littafi ya zame mana baƙon abu ba. Ya rage ga malamanmu su ba da aikin da ya cancanci a taru a kansa, mu kuma ɗalibai mu daina ɓoye wa juna kurakuranmu.