Tasha ta 22: Yadda uwar garke ta samu ƙofa mai makulli

Duk wanda ya yi hayar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ya kuma ce shi zai riƙa kula da abarsa da kansa, ba ya daɗewa bai yi baƙi ba. In Ubuntu ya ɗora mata, ya leƙa fayil ɗin auth.log bayan kwana ɗaya. Zai tarar da layi bisa layi na yunƙurin shiga: an gwada sunan root, wato asusun mai cikakken iko, an gwada admin, an gwada test, daga adireshin ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ba wanda ya san shi a cikinsu. Manhajoji ne da masu kutse suka saki suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna murɗa ƙofa, kamar ɓarawon da ke bin layin shaguna da dare yana taɓa kwaɗo. Shawarar da ake ba sabon shiga kusan ɗaya ce a ko'ina: ya daina shiga da kalmar sirri ya koma makulli, ya hana root shiga kai tsaye, ya rufe tashoshin da ba ya amfani da su, wato ƙofofin sadarwa masu lamba, ya riƙa sabunta manhaja. Kowace daga cikinsu sai da aka yi ɓarna kafin aka koye ta.

Da farko ba a ma yi tunanin ɓarawo ba. ARPANET, kakar intanet, ta fara aiki a 1969 tsakanin wasu cibiyoyin bincike na Amurka, inda kusan kowa ya san kowa. Telnet, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana aika suna da kalmar sirri tsirara a kan waya, duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa. A farkon shekarun 1980 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙaro rlogin da rsh, waɗanda suka fi sakaci: ka rubuta sunan kwamfutar abokinka a fayil ɗin .rhosts, daga ranar mai sunan shiga irin naka da ya zo daga can ba a tambayarsa komai.

Wannan yarda ce ta karye ranar 2 ga Nuwamba, 1988. Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. Ta bi ta kurakuran manhajojin sendmail da fingerd, ta bi ta amanar rsh, ta kuma riƙa cankar kalmomin sirri masu sauƙi. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kusan 6,000 cikin wajen 60,000 da ke haɗe a lokacin. Kafin watan ya ƙare an kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon don kai ɗauki. A 1990 Wietse Venema na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a Holan, wanda wani mai kutse ya addabi kwamfutocinsu yana goge fayiloli, ya rubuta TCP Wrapper, mai rubuta wanda ya ƙwanƙwasa, ya kuma kori wanda ba a yarda da adireshinsa ba.

Amma har yanzu kalmar sirri na yawo tsirara. A 1995 aka gano wani ya dasa manhajar sauraro a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki a Finlan, ta tattara dubban sunaye da kalmomin sirri. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta SSH, wadda ke ɓoye duk abin da ke wucewa tsakanin mutum da uwar garkensa. Labarin lambar tashar ma abin ji ne. FTP na kan 21, telnet na kan 23, ita kuwa 22 ba kowa. A watan Afrilu ya aika wa IANA, hukumar da ke raba waɗannan lambobi, gajeren saƙo yana roƙo, washegari Joyce Reynolds ta amsa cewa an ba shi. Ya saki manhajar kyauta a watan Yuli, kafin ƙarshen shekarar masu amfani da ita sun kai kimanin 20,000 a ƙasashe 50.

Ylönen ya kafa kamfani a Disambar wannan shekarar, sabbin fitowar SSH kuma suka riƙa zuwa da sharuɗɗan kasuwa. Sai mutanen OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt, suka koma kan tsohuwar 1.2.12 mai sassaucin lasisi, suka tsabtace ta, suka fito da OpenSSH a Disambar 1999. Ita ce yau a kan yawancin uwayen garken duniya.

Babbar kyautar SSH ita ce makulli mai gida biyu. Rabi na fili ne, ana ajiye shi a uwar garke; rabi na sirri ne, ba ya barin kwamfutar mai shi. Ba abin da za a canka. Sai dai mutane sun fi son abin da suka saba, suka ci gaba da kalmar sirri, masu kutse kuwa suka koma canka dare da rana. Daga nan Cyril Jaquier ya fito da Fail2ban a 2004, mai karanta wancan fayil na yunƙurin shiga ya toshe adireshin da ya cika kuskure. Sai a 2015, da OpenSSH 7.0, aka daina barin root ya shiga da kalmar sirri tun daga saitin asali. A ganina an yi jinkiri ƙwarai. Masu mayar da SSH wata tashar daban kuwa, hayaniyar fayil ɗin kawai suke ragewa, domin mai nema da gaske zai bi tashoshin duka.

Makullin ma ya taɓa cin amana. A 2006 wani gyara da aka yi a Debian wa OpenSSL, manhajar da ake dogaro da ita wajen ƙera makulli, ya lalata hanyar zaɓen lambobi barkatai, har ya zama makullan da za a iya ƙerawa ba su wuce 32,768 ba ga kowane iri. Ba a farga ba sai a Mayun 2008, da Luciano Bello ya gano. Duk mai makullin da aka ƙera da wannan gurɓatacciyar OpenSSL a tsakanin nan sai da ya zubar ya sake sabo.

Harin 2024 ya fi tayar da hankali, domin ta hanyar sabuntawar kanta aka biyo. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon Lasse Collin, mai kula da xz, ƙaramar manhajar matse fayil, har aka ba shi ikon fitar da sabuwar siga. A 5.6.0 da 5.6.1 ya cusa ƙofar baya wadda ke bai wa mai wani makulli na musamman damar ba da umarni ta SSH. Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aikin PostgreSQL, yana gwaji a Debian ta masu gwaji sai ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, tana kuma cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima. Ya bi sawu har ya kai ga xz, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. Gurɓatacciyar sigar ba ta riga ta shiga tsayayyun fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat ba, waɗanda suka riga suka ɗauka kuma suka koma kan tsohuwa cikin gaggawa.